Mujallar da kowace fitowarta sabon farawa ce: yadda na bi tarihin 1st Issue Special

Abin da ya fara jan hankalina ga 1st Issue Special shi ne dabarar da aka gina ta a kai. Carmine Infantino, wanda ke riƙe da ragamar kamfanin DC Comics na Amurka a lokacin, ya lura cewa fitowa ta farko ta kowace mujallar labaran zane ta fi waɗanda ke biyo ta kasuwa. Sai ya ce to a yi mujallar da kowane wata sabon jarumi ne, sabon labari. Ta fara a Afrilun 1975, ta tsaya a Afrilun 1976, fitowa 13 kacal.

Na sami kundin da DC ya haɗa su duka a 2020, na ce sai na karanta su bi da bi kamar yadda mai saye a wancan zamani ya same su, ina rubuta wanda ya tsara labari, wanda ya zana, da watan da ke kan bango. Wannan ɗan jadawalin da na yi a littafin rubutu shi ya fi komai buɗe min ido.

Sunayen da ke ciki manya ne. Jack Kirby ya yi uku: Atlas, Manhunter da Dingbats of Danger Street. Steve Ditko ya zana Creeper, Walt Simonson ya zana Doctor Fate. Amma da na kai tsakiya sai na ji abin da mai karatu na 1975 ya ji, wato takaici. Fitowa ta 4, Lady Cop, ita ta fi tsaya min a rai. Wata budurwa, Liza Warner, ta ɓuya a ƙarƙashin gado tana kallo ana kashe abokan zamanta. Fuskar makashin ba ta gani ba, takalmansa kawai ta gani, dogaye masu alamar ƙoƙon kai. Saboda wannan ta shiga aikin 'yan sanda. Ka zauna kana jiran ranar da za ta yi ido huɗu da mai takalman, sai shafi ya ƙare. Wata mai zuwa kuma wani jarumin daban aka kawo maka. An ɗora tukunya an tafi an bar ta a kan murhu, haka kusan kowane wata.

Daga nan na fahimci inda dabarar ta yi rauni. Mutum yana rububin fitowa ta farko ne don yana sa ran ta biyu. Idan ya gane babu ta biyu, me zai dawo da shi?

Darasi na biyu daga kwanan wata ya fito. An saba cewa mujallar filin gwaji ce, irin Showcase wadda ta fito da sabon Flash a 1956: jarumin da ya yi kasuwa a ba shi tasa mujallar. Wanda ake kafa hujja da shi shi ne Warlord na Mike Grell, labarin Travis Morgan, matuƙin jirgin yaƙin Amurka da ya faɗa wata duniya a cikin ƙasa mai suna Skartaris, inda rana ba ta faɗuwa. Ya fito a ta 8, bangon Nuwamba 1975. Mujallarsa ta kansa kuwa bangonta na farko Janairu zuwa Fabrairun 1976 ne. A zamanin, masu sayar da jaridu a tebur suna mayar da abin da bai sayu ba, kuma lissafin ciniki yakan ɗauki watanni kafin ya iso ofis. Ina aka sami lokacin ganin sakamako, a rubuta, a zana, a buga? A ganina an riga an yanke wa Warlord hukunci tun kafin masu saye su ce uffan. Ya kuwa cancanta, don ya yi fitowa 133. Tun daga nan ba na karɓar labarin da masoya ke maimaitawa sai na jera shi da kwanakin da ke kan bango.

Rasuwar 1st Issue Special ma ba ta rasa nasaba da sauyin gida. Kirby ya koma kamfanin Marvel, abokin gogayyar DC, a 1975, Infantino ya bar kujerarsa a farkon 1976, Jenette Kahn ta gaje shi. Mai dabarar ya tafi, mujallar ta bi bayansa cikin 'yan watanni.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne bin sawun jaruman bayan haka. New Gods, da aka rufe mujallar da su, sun sake samun tasu a 1977. Mikaal Tomas, shuɗin Starman na fitowa ta 12, ya yi shekaru ba a jin ɗuriyarsa sai da marubuci James Robinson ya dawo da shi a shekarun 1990. A ƙarshen 2022 kuma marubuci Tom King da mai zane Jorge Fornés suka tattaro jaruman mujallar cikin labari ɗaya mai fitowa 12, Danger Street, har da Green Team, wasu yara attajirai da suka fito a mujallar, da Liza Warner a matsayin 'yar sandan da ke binciken kisan da ya haɗa su.