Ƙanin mijina ya ce babu Allah

Tun da ƙanin mijina ya dawo daga jami'a yake cewa babu Allah, addu'armu kuma ɓata lokaci ce. Maganar tana yi mini zafi ƙwarai. Wasu a zumuntar mata sun ce in fita harkarsa, ni kuwa ban yarda ba. A Littafi Mai Tsarki, Ayyukan Manzanni 7:60–8:1, ana jifan Istifanas mai bin Yesu yana roƙon Ubangiji kada ya ɗora wa masu jifansa wannan zunubi, Shawulu yana wurin yana goyon bayan kisan. Shi ne daga baya ya zama manzo Bulus.

Don haka nakan zuba masa tuwo, in saurare shi har ya gama, in amsa da tawali'u. Yawancin tambayoyinsa a kan rasuwar mahaifinsu suke, don har yau abin yana cin ransa.