Abin da 'yar na'urar bayan gidanmu take nuna min game da damina

Jama'a barkanmu da war haka. Masu tambayata wai mene ne wancan ƙarfen da na kafa a bayan gida kamar eriya, to na'urar auna yanayi ce 'yar ƙarama, tana auna zafi da danshin iska da yawan ruwan da ya sauka, tana aiki da sola, ni kuma ina kwafe lambobin a littafi kullum da safe bayan na dawo daga masallaci saboda ban yarda da waya ba, ko yaushe tana iya lalacewa.

Wajen kafa ta ma sai da na yi dabara. Ba a sa ta kusa da rufin kwano don zafin kwanon zai sa ta yi ƙarya, ba a sa ta ƙarƙashin darbejiya don ganye zai tare ruwan, sai fili. A cikinta akwai wani ɗan cokali mai baki biyu, in ruwa ya cika gefe ɗaya sai ya tuntsure ya zubar, ɗayan ya karɓa, ita kuma tana ƙirga sau nawa ya tuntsure. Matsalarta ɗaya a nan ƙasar Ringim ita ce ƙura, lokacin hunturu mazurarin da ke tara mata ruwan sama toshewa yake yi tsaf, ga gizo-gizo da ke son yin gida a ciki, dole kafin ruwan fari in kwance in wanke.

Zancen zafi kam ba sabon abu, a watan Afrilu da rana tana haura digiri 40, a Janairu kuma da asuba takan sauko ƙasa da 15, lokacin da hazo ke rufe gari har ba ka hango bishiyar da ke bakin gona. Ƙurar nan yawancinta daga Chadi take tasowa, wani kwari da ake kira Bodele, iskar arewa maso gabas ce ke kwaso mana ita. Abin da ya fi burge ni shi ne danshi. Tun kafin a ga hadari, wajen ƙarshen bazara, sai ka ga lambar danshi ta fara hawa da daddare, iska ta juyo daga kudu maso yamma daga teku, shi ne gumin nan da ke hana mutum barci. Amma shi hadarin kansa daga gabas yake taso mana, kamar yadda kowane yaro a garin nan ya sani.

To ga inda nake son zuwa. In ka zauna a majalisa kowa cewa yake ruwa ya ragu, ni kuma littafina ba haka yake nuna min ba, ruwan yana zuwa, yadda yake rabuwa ne ya zama abin damuwa. Sai a yi dare ɗaya a zubo abin da ya kamata a ce an samu a sati biyu, ƙasa ba ta iya shanyewa, ya kwashe taki ya bi kwari, sannan a ɗauke ƙafa gero yana murɗe ganye. Milimita 1 fa na nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita, ka lissafa milimita 60 a kan gona guda ka ji ko ina ruwan zai je. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 in suna ba da labari rashin ruwa ne gaba ɗaya, mu kuma abin da ya fi tsaya mana a rai ambaliyar 2022 ce da ta cinye gonaki daga nan har Auyo da Haɗeja. Ita ma ambaliyar ba ruwan kanmu kaɗai ba ne, kogin Haɗeja daga Kano yake kwaso ruwa ta madatsun ruwan Tiga da Challawa, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a can ƙasa, don haka sai ma'aunina ya nuna ba a yi wani ruwan kirki ba amma fadama ta cika.

Maganar shuka kuwa, malaman gona suna cewa a jira a samu wajen milimita 20 cikin kwana biyu zuwa uku. Baffana da na gaya masa dariya ya yi, ya ce shi hannu yake tura wa a ƙasa, in laima ta kai inda yake so shi ke nan ya ɗauko sungumi. Gaskiya sau da yawa hannunsa da na'urata bakinsu ɗaya, inda suke rabuwa shi ne ruwan farko na watan Mayu mai ruɗin mutane, a yi shuka ta tsiro sannan rana ta ƙone ta a sake sayen iri.

Hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon kowace shekara ina saurarensa a rediyo kuma yana da amfani, sai dai na yanki ne babba, mu kuma nan sai a yi ruwa a ƙauyen da muke jin kiran sallarsu mu ko ɗigo. Shi ya sa nake roƙon matasan ƙauyukan kusa, ba sai kun sayi irin tawa ba, gwangwani mai miƙaƙƙen jiki da rula sun isa, a ajiye a fili a kan turmi ko bulo don kada awaki su ture, a auna da safe a zubar, mu riƙa haɗa lambobin a WhatsApp kafin marka ta kankama a Agusta.