Talatar da na ɗauka hutu ce a Jamus

Shekara shida na yi ina aiki a Ingila kafin in samu wani aikin a Frankfurt cikin watan Oktoban 2022. Iyalina na bar su a Manchester saboda makarantar yara, don haka tun ranar da na sauka Jamus lissafin hutun ƙarshen shekara nake yi. Kwana uku kacal suka rage mini na hutu, amma da na buɗe kalanda sai na ga ai sun isa. Kirsimeti ta faɗo Lahadi, 26 ga wata Litinin ce kuma hutu ce, Talata 27 ita ce madadin Kirsimetin da Lahadi ta cinye. In ɗauki Laraba da Alhamis da Juma'a. Sabuwar shekara ma Lahadi ce, ke nan Litinin 2 ga Janairu tawa ce. Kwana goma cur da kwana uku na hutu. Na cike takarda, aka sa mini hannu a kan 28 da 29 da 30, na sayi tikiti.

Duk lissafin nan daidai yake, amma a Ingila. Can idan ranar hutu ta faɗo Asabar ko Lahadi, ana mayar da ita ranar aiki ta gaba, kuma na saba da hakan har na daina ganinsa a matsayin tsarin wata ƙasa. Na ɗauka haka duniya take.

Ranar Talatar, wajen ƙarfe tara na safe, ina zaune a ƙasa ina haɗa wa ƙaramin ɗana jirgin ƙasan wasa, uwargida ta miƙo mini waya ta ce, “Maigida, tun ɗazu take ƙara, lambar Jamus ce.” Shugabar sashenmu ce. Ba ta ɗaga murya ba, tambaya kawai ta yi ko lafiya, don ƙarfe goma ta yi a wurinsu kuma ba su gan ni ba. Na ce mata ai yau hutu ne. Ta yi ɗan shiru, sannan ta ce, “A nan yau ranar aiki ce.” Mutum biyu aka bari su riƙe sashen a wannan rana, ni ne na biyun. An sa sunana ne saboda ban nemi hutun ranar ba.

Gabana ya faɗi sosai, don ina cikin watannin gwaji. A Jamus wannan lokaci yakan kai wata shida, kuma a cikinsa sanarwar mako biyu ta isa a sallame ka. Ga ni wata na uku, na ƙi zuwa aiki ba izini, ina wata ƙasa. Allah ya sa matar ta fahimta. Aka rubuta ranar a matsayin hutun da babu albashi. Amma 2 ga Janairu ba ta ɗagu ba, an riga an tsara aiki da ni, dole na sake sayen tikitin ranar 1 ga wata, wanda ya kusa ninka na farko tsada.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne tambaya ɗaya tak ta isa. Da na ce wa abokin zamana a ofis, “Talata muna hutu ko?” da magana ta ƙare. Matambayi ba ya ɓata, amma mutum ba ya tambayar abin da yake ganin ya sani.

A Jamus ranar hutu tana nan inda kalanda ta ajiye ta. Ta faɗo Lahadi, ta tafi ke nan. Abokan aikina sun ba ni labarin 2021, shekarar da 1 ga Mayu ta faɗo Asabar, ranar haɗewar Jamus ta 3 ga Oktoba ta faɗo Lahadi, 25 da 26 ga Disamba kuma suka faɗo Asabar da Lahadi. Kwana huɗu suka salwanta. A wannan Disamban mutanen Birtaniya sun huta Litinin 27 da Talata 28. Jam'iyyar Die Linke ta Jamus ta sha kai maganar majalisar dokoki a riƙa rama irin waɗannan ranaku da wata ranar hutu, ba a amince ba. Ni dai ra'ayina ba adalci ba ne a ce hutun ma'aikaci ya dogara da inda kwanan wata ya faɗo, tunda gajiyar shekara ba ta raguwa don Kirsimeti ta zo Lahadi.

Bayan wannan na zauna na bi ƙasashen da muke hulɗa da su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga kowa da nasa. Faransa kamar Jamus take. Beljiyam, maƙwabciyarsu, dokarta ta wajabta a ba ma'aikaci wata ranar a madadin. A Amurka ma'aikatan gwamnatin tarayya in hutu ya faɗo Lahadi sukan huta Litinin, in Asabar ne kuma Juma'ar da ta gabace ta, shi ya sa hutun sabuwar shekarar 2022 suka yi shi ranar 31 ga Disamban 2021. Kamfanoni masu zaman kansu kuwa ba dole ba ne su bi. Japan da Afirka ta Kudu ranar hutun da ta faɗo Lahadi kawai suke ramawa, ta Asabar ta wuce. Ko a Ingilar da na dogara da ita, doka kwana 28 ta ce a ba mai aikin kwana biyar a mako, kuma mai kamfani yana iya lissafa ranakun hutun ƙasa a ciki. Wato abin da na ɗauka haƙƙina ne, yarjejeniyar aikina ta can ce ta tabbatar mini da shi.

Yanzu ba na sayen tikiti sai na duba kalandar jihar da nake, don a Jamus ranakun sun bambanta daga jiha zuwa jiha, sannan in aika wa shugabata ranar tafiya da ranar dawowa a rubuce, ba ranakun hutun da nake nema kawai ba. Da na yi haka a 2022, da kallo ɗaya za ta gano ramin da ke ranar Talata. Na kuma riga na sa alama a 2027, don kalandarta irin ta 2021 ce sak, ranakun nan huɗu za su sake faɗawa ƙarshen mako.

Kuɗin tikitin na manta da zafinsa. Wanda bai wuce ba shi ne alkawarin da na yi wa yara cewa Litinin ɗin nan tamu ce, za mu fita tare kafin su koma makaranta. Da asubar Lahadi na fita da jakata suna barci, babbar ce kawai ta farka ta biyo ni bakin ƙofa tana tambaya, “Abba, ba ka ce sai jibi ba?”