Injin gurza cuku da tambayar Hajiya

Yau Asabar na fito da injin gurza cukun da Yaya ta aiko daga Ingila, domin Auta ta matsa lamba sai an yi fiza. Da yake filoginsa mai ƙafa uku ne irin namu, ƙarfin wutarmu da tasu kuma ɗaya ne, volt 230, ban nemi taransifoma ba kamar yadda kayan Amurka masu 120 suke sa mutum. Ana zura cukun ta sama a danna shi, sai wani ƙarfe mai ramuka masu kaifi ya riƙa juyawa yana zubo da shi ta gaba. Cukun Parmesan, wanda Italiyawa suke ajiyewa aƙalla wata 12 har ya yi tauri, ya zubo kamar garin rogo. Mozzarella kuwa, saboda laushinta da zafin kicin, ta toshe ramukan, sai da ta koma firiza ta ɗan daskare.

Ƙarar ce ta fito da Hajiya daga ɗaki. Ta daɗe tana kallo kafin ta ce, "Yanzu me yake yi wanda magogin kuɓewa ba ya yi?" Na ce, "Hajiya, yana da sauri, kuma ba ya cin yatsa." Na ƙara da cewa gurzajjen cukun leda ana barbaɗa masa sitaci don kada ya dunƙule, shi ya sa ba ya narkewa da kyau. Ta ce wannan laifin na leda ne, bai zama hujjar sayen inji ba. Sannan ta zauna tana kallona ina kwance shi gunduwa-gunduwa, ina bin kowane rami da buroshi da ruwan zafi, aikin da ya ninka gurzawar kanta sau da yawa, ba ta kuma cewa uffan ba. Da za ta tashi ne ta tambaya ko zai iya da busasshen cukunta na Tawa ta Nijar, na ce falle ne siriri, karyewa zai yi. Ta ce ai turmi yana nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda na dage ina kare injin, alhali Yaya nake karewa, wadda ta biya kuɗin awo ta aiko shi don kawai na taɓa yaba nata.

Fizar ta yi daɗi, Baban Auta ma ya ƙara. Da daddare Yaya ta kira tana tambaya, na ce yana aiki sosai, kuma ban yi ƙarya ba. Har yanzu dai ban samar masa wurin ajiya ba, domin kabad ɗin ya cika.