Daren Da 'Yata Ta Hau Gajimarena

Ƙanena ne ya kawo mana kwalin wasan allo mai suna Elfenland a wani hutu, ya ajiye a tsakar ɗaki ya ce, "Yaya, wannan zai raba yaran nan da waya." Ban ɗauki maganar da muhimmanci ba sai da muka buɗe allon. Taswira ce ta wata ƙasar almara, da dazuzzuka da hamada da duwatsu da koguna, garuruwa 20 a warwatse, ga babban birni inda kowa ke farawa. Kowannenmu ya ɗauki ɗan takalminsa na katako, wanda shi ne matafiyinsa, sannan ya bi garuruwan nan ɗaya bayan ɗaya yana ajiye ɗan katako mai launinsa. Duk garin da ka isa sai ka ɗauke naka. Bayan zagaye huɗu, wanda ya fi tara katako shi ya ci.

Alan R. Moon ne ya ƙirƙiro wasan, kamfanin Amigo na Jamus ya fitar da shi a 1998, kuma a shekarar ya ci Spiel des Jahres, babbar lambar yabon wasannin allo ta Jamus. Daga wani tsohon wasansa mai suna Elfenroads na 1992 ya tsamo shi, ya rage masa tsawo don iyali su iya gamawa a zama ɗaya. Mutum biyu zuwa shida ke bugawa. Mu biyar ne a daren: ni, da uwargida, da ƙanena, da babban ɗana, da 'yata mai shekara goma.

Abin da ya fara kama yaran shi ne ababen hawa. Akwai dodo mai fukafukai, da doki mai ƙaho ɗaya, da gajimaren sihiri, da keke, da amalanken da wani ƙaton dodo ke ja, da ƙaton alade, sai kwale-kwale na ruwa. Kowanne da katinsa da ake biyan hanya da shi, kuma kowanne da inda yake da ƙarfi. Aladen yana gudu a fili da daji da kati ɗaya, amma ba ya shiga hamada, ba ya hawa dutse. Gajimare kati ɗaya ne a kan dutse, biyu a fili. Kwale-kwale kati ɗaya idan ka bi ruwa, biyu idan ka tunkari ruwan. A farkon kowane zagaye kati takwas ne a hannunka, don haka kowace hanya mai cin biyu tana rage maka gari guda.

Sai dai kati kaɗai ba ya kai ka ko'ina a tudu. Dole sai an ɗora alamar abin hawa a kan hanyar, kuma hanya ɗaya alama ɗaya take ɗauka. Ana ɗorawa ne bi da bi, kafin kowa ya motsa. Da zarar alama ta sauka, ta zama ta kowa. A nan ne na yi kuskuren da ya cinye mini wasannina uku na farko.

Ni mutum ne mai son tsari. Da an raba kati sai in sunkuyar da kai, in zana tafiyata a zuci tun daga garin farko har na shida, ban ko ɗaga ido in ga abin da sauran ke ɗauka ba. A zagaye na biyu na wasan farko ina riƙe da katin dodo mai fukafukai har huɗu, na shirya ratsa hamada da su, domin shi kaɗai ke ratsa ta da kati ɗaya. Kafin layi ya zo kaina, uwargida ta ɗora amalanke a kan hanyar da zan shiga da ita. Ba da gangan ta yi ba, ita ma can ta nufa. Ba ni da katin amalanke ko ɗaya. Dokar wasan ta bar wa irina ƙofa, wato ayari: ka zubar da kati uku kowane iri ka wuce. Na bi ayarin, kati uku suka tafi a hanya ɗaya, na ƙare zagayen da gari uku kacal. Abin ya yi mini ciwo sosai, domin na ɓata lokaci a kan shirin nan.

'Yata kuwa ba ta yin irin wannan lissafin. Tana zaune ta tallafe haɓa, idonta a kan hannuwan mutane. Na ɗora gajimare a kan wata hanyar dutse, sai na ga ta yi murmushi ta mayar da tata alamar gefe. Da lokacin tafiya ya yi, ta bi gajimarena, ta sauka ta hau keken da kawunta ya ɗora, ta gangara kogi da kati ɗaya, sannan ta yi amfani da nata alamun biyu a ƙarshe. Gari biyar a zagaye ɗaya.

Na ce, "Ke, ya aka yi kika san nan zan sa?"

Ta ce, "Baba, ai na ga ka ɗauki gajimare a buɗe, kuma katakonka na nan a garin dutsen. Ina za ka kai shi in ba can ba?"

Gaskiyarta. Alama ɗaya ce tak ake ba kowa a rufe. Sauran ukun da mutum ke zaɓa a buɗe suke zama a gabansa, kowa na gani. Duk bayanin yana kan tebur, ni ne ban duba ba. Alama huɗu ba za su kai ka gari shida ko bakwai ba, dole ka ci arzikin hanyar wani.

Tun daga nan na sauya salo. Na daina gudu ni kaɗai zuwa kusurwar taswira, domin wanda ya ware ba shi da mai shimfiɗa masa hanya. Ina riƙe hanya biyu a zuci maimakon ɗaya. Hanyar da ba ni da makwafinta ita nake fara ɗora wa alama, sauran in jira in ga abin da zai sauka. Na kuma koyi cewa wucewa ba tare da ɗora komai ba dabara ce, ko da yake tana da haɗari, domin in kowa ya wuce a jere an rufe ɗorawa ke nan.

Akwai shinge guda ɗaya da ake ba kowa na dukan wasan, wanda ke ƙara kati ɗaya a kan hanyar da aka sa shi. Ban cika son sa ba idan ana wasa da yara. Ranar da babban ɗana ya dasa wa ƙanwarsa shi a zagayen ƙarshe, idonta ya cika da hawaye, sai da uwarsu ta zauna da ita suka sake ƙirga katin, suka gano wata hanyar ta bakin tafki. Yanzu mun yi yarjejeniya a gidan cewa wanda ke kan gaba kaɗai ake dasa wa.

Da muka saba, sai muka ƙara dokar garin ƙarshe: kowa na da garin da aka ba shi a ɓoye, kuma nisan da ka tsaya da shi ana cire maka daga makinka. Daren da muka fara gwada ta na tara katako 17, na tsaya gari ɗaya kafin nawa. 'Yata ta tara 17 ita ma, ta ajiye takalminta a cikin garinta, ta juya katin ta tura mini shi gabana.