Abin da ’yan damben jirgin ruwa suka koya mini a kan rubuta abokin karawa

A ajin koyon rubuta ƙagaggun labarai aka raba mana tsofaffin labaran mujallun Amurka, irin waɗanda ake bugawa a takarda mai arha, kowa ya je ya gano abin da ya sa mutane ke rububinsu. Ni rabona ya faɗa kan Steve Costigan, gwarzon da Robert E. Howard ya ƙirƙira. Howard mutumin Cross Plains ne a jihar Texas, an haife shi a 1906, ya mutu a 1936, kuma an fi saninsa da labaran wani gwarzon da ya ƙirƙira mai suna Conan. Shi kansa yakan sa safar dambe ya kara da samarin garinsu, shi ya sa idan ya kwatanta naushi a haƙarƙari sai ka ji numfashinka ya ɗauke.

Costigan ma’aikacin jirgin dakon kaya ne mai suna Sea Girl, kuma shi ne zakaran damben jirgin. Ga ƙarfi kamar me, ga saurin fushi, wayo kuwa sai a hankali. Ko’ina ya sa ƙafa, farin karensa Mike na biye da shi.

Labarinsa na farko, The Pit of the Serpent, ya fito a mujallar Fight Stories a 1929, kuma a nan na tsinci abin da ya fi yi mini amfani. A Manila, babban birnin Philippines, abin ya faru. Costigan ya yi kiciɓis da Bat Slade, zakaran wani jirgi mai suna Dauntless, suka ɓata a kan mace, aka kai su wani rami suka yi ta jibgar juna. Howard bai mayar da Slade mugu ba, bai kuma mayar da shi rago ba. Costigan, wanda da bakinsa yake ba da labarin, yana zaginsa yana kuma yarda cewa mutumin ya iya. Da Slade lusari ne, da mai karatu ya ajiye mujallar tun a turmin farko. Kowannensu kuma ba don kansa kaɗai yake faɗa ba, sunan jirginsa na wuyansa, kamar yadda ɗan damben gargajiya kan fito da sunan Kudu ko Arewa.

Da na ci gaba da karatu sai na lura inda Howard ke ajiye muguntar. Sau da yawa tana wajen filin daga: ’yan caca, masu shirya wasa da ke son a sayar da faɗa, mayaudaran tashar jirgi da ke yi wa Costigan wayo su raba shi da ’yan kuɗinsa. Wanda ya tsaya gabansa ya ci duka ya rama, wannan yana da wata daraja ko da ba sa ga maciji. Wanda kuwa ya taka iyaka, nan ne labarin ke ɗaukar zafi. A The Bull Dog Breed na 1930, Costigan ya bar jirginsa don an ce kare ba zai zauna ba, sannan a Hong Kong wani ɗan damben Faransa, Tiger Valois, ya shuri Mike. Faɗan da ya biyo baya ya bar batun kambu, ya koma na ramuwa, Costigan na faɗuwa yana tashi.

Ba duka na haɗiye ba. Yadda labaran ke siffanta mutanen Asiya da baƙar fata akwai raini a ciki ƙarara, irin na zamaninsu, kuma darajar nan da ake ba abokin karawa ba kowa ake ba wa ita daidai ba.

Yanzu idan zan rubuta mutum biyu masu takara, ko ’yan kasuwa ne ko kishiyoyi, nakan fara da wanda zai sha kaye. Sai na san abin da yake karewa, da abin da ba zai yarda ya aikata ba ko da zai kai shi ga nasara, sannan in juyo kan gwarzon.