Abin da Aikin Ƙungiyar Ƙwadago Ya Koya Mini

A shekarun da na yi ina sakataren reshen ƙungiyarmu ta ma'aikata, na fahimci cewa shiga yajin aiki ba shi da wuya. Takarda ce za ta zo daga uwar ƙungiya, a garƙame ƙofar ofis, kowa ya kama gabansa. Wuyar tana wajen tafiya da mutanen da ba su da albashi, alhali su suka fi yawa, kuma su tsuke bakin aljihun gwamnati ya fi yi wa illa.

Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, NLC ƙarƙashin Abdulwaheed Omar da TUC ƙarƙashin Peter Esele, suka kira yajin aikin gama-gari daga ranar 9 ga wata. Amma tun kafin ranar matasan Kano sun mamaye dandalin Silver Jubilee, har Kiristoci na tsaron Musulmi in za su yi salla. Akasarinsu ɗalibai ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba mai katin ƙungiya. Su suka cika tituna. Da aka janye yajin ranar 16, aka tsayar da lita a naira 97, ba wanda ya nemi jin ta bakinsu, kuma har yau in na shiga kasuwa da batun ƙungiya sai an goranta mini wannan.

Ma'aikacin gwamnati in ya yi mako a gida, yawanci albashinsa na nan. Mai shayi fa? Mai tura baro a kasuwar Kwari ta Kano, da matar da ke suyar ƙosai a bakin tasha? Kwana uku ba ciniki, an daina ɗora tukunya a gidansu. Shi ya sa ko a 2012 sai da aka dakatar da zanga-zanga a ƙarshen mako don mutane su sayi abinci. Tun daga nan, kafin kowane yaji nakan je wurin shugabannin kasuwa da na tasha da na 'yan Adaidaita Sahu in tambaye su: kwana nawa mutanenku za su iya jurewa, kuma me kuke so a sa a takardar buƙatu? Tambayar ta biyu ce ke sa su gyara zama.

Buƙatunmu sun cika ƙarewa a kan albashi. Bayan Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, an yi ta jan daga har aka samu mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024. Nasara ce, ban raina ta ba. Sai dai ba ta isa ga manomi ko ɗan tireda ba, kuma ko wata ba a yi ba matasa suka fito zanga-zangar tsadar rayuwa a watan Agusta ba tare da ƙungiyoyin ƙwadago sun kira su ba. Ga shi masaƙun Kakuri a Kaduna, inda tsohon shugaban NLC Adams Oshiomhole ya faro gwagwarmaya, sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Masaƙan da suka kasance ƙashin bayan ƙungiya sun koma acaɓa da ƙananan sana'o'i, ƙungiya kuwa ba ta bi su can ba.

Mutanen Malam Aminu Kano sun riga mu gane wannan. Jam'iyyarsu ta NEPU a kan haraji da zaluncin masu sarauta ta tara talakawa, abin da ke ci wa manomi da maƙeri tuwo a ƙwarya. Da jam'iyyarsu ta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa soke haraji da jangali suka fara yi. Rimin ne kuma ya ba da hutun ranar ma'aikata a Kano a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu.

Yanzu a taron reshe nakan dage sai an sa kuɗin mota, kuɗin makaranta, kuɗin wuta da tikitin da ake yanka wa 'yan kasuwa kullum a cikin buƙatunmu. Wasu abokan aikina na cewa wannan ba hurumin ƙungiya ba ne. Muna kan wannan muhawara har yanzu, kuma a taron da ke tafe na gayyaci wakilan masu kayan miya su zo su yi magana da bakinsu.